Saniyar Gwamma da Asalin Ayu

Dalilin da ya sa ayu ba ya hawa tudu, ba ya kuma shiga tsakiyar teku, sai dai ya yi zamansa a bakin kogi inda ruwan daɗi ke gamuwa da ruwan gishiri, shi zan gaya muku yau. Lantana, saki kaguwar nan kafin ta matse miki yatsa. Bawa, matso cikin inuwa. Ai ku kuka ishe ni da tambaya tun da kuka ga hancinsa ya ɓullo kusa da kwale-kwalen babanku, wai wane irin kifi ne wannan mai cin ciyawa, mai shaƙar iska, mai ba ɗansa nono. To, ba kifi ba ne. Ku buɗe kunne.

A zamanin da, can arewa, an yi wata tsohuwa ana ce mata Gwamma. Mijinta ya rasu ya bar mata garken shanu, 'ya'yan da ta haifa kuwa babu wanda ya rayu. Sai aka yi wani fari mai tsanani. Rijiyoyi suka ƙafe, ciyawa ta ƙone, shanu suka yi ta faɗuwa har ya rage mata saniya ɗaya tak, wata mai launin toka, mai faɗin hanci da ƙananan idanu. Ba ta da wani kyau, amma akwai haƙuri. Sunanta Ayu, kuma tana da ciki.

Gwamma ta ɗaure 'yan tsummokinta, ta kama igiya, ta bi gefen Kogin Kwara ta yi kudu. A hanya Ayu ta haifi ɗan maraƙi. Daga nan nonon nan su biyu suke rabawa, maraƙi ya sha, tsohuwa ta tatsi ragowar. Da ba don nonon ba, da ungulu sun san inda Gwamma ta kwana.

Suka yi ta tafiya, ƙasa tana sauyawa. Dogayen bishiyoyi suka rufe sama, ruwan sama ya zama na kullum. Can kogin ya rarrabu kamar yatsun hannu, kowane yatsa ya kama gabansa cikin wasu itatuwa masu tsayawa a ruwa, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Kun dai san gaɓar nan tamu ba miƙe take ba. Ta taho daga yamma ta nufi gabas, ta yi ta tafiya, sannan ta lanƙwasa ta yi kudu kamar gwiwar hannu, teku ya kwanto cikin lanƙwasar. A nan tafiyar Gwamma ta ƙare, don babu sauran ƙasa a gabanta. Ta tsaya baki buɗe tana kallon ruwan da ba shi da ƙetare. Ta ɗebo da tafin hannu ta kurɓa, ta tofar, ta ce, “Wai! Wa ya ɓarar da gishirinsa haka?”

Akwai ƙauyen masunta a wurin, shugabansu wani dattijo ne mai suna Ebi. Suka karɓe ta hannu biyu, suka ba ta bukka, suka koya mata cin kawa, wato naman cikin ɓawon teku, da jatan lande. Yara kuwa ba su taɓa ganin saniya ba, kullum suna biye da Ayu suna taɓa ƙahonta suna gudu.

Amma tudun ƙauyen ɗan siriri ne, ruwa gaba, ruwa baya, kowane taƙi kuma an shuka shi. Ran nan Ayu ta tsinke igiya ta faɗa gonar gwaza. Aka yi haƙuri. Ta sake, wannan karon 'ya'yan ayaba ta cinye. Mata suka kai ƙara, Ebi ya zo har bukkar Gwamma ya tsuguna.

Ya ce, “Iya, ba korarki na zo yi ba. Amma dabbar nan ta fi ƙarfin ƙasarmu. Ki bari a yanka ta, mu kuma mu riƙe ki da kifi har ƙarshen ranki.”

Gwamma ta ce, “Ranka ya daɗe, in an sa mata wuƙa, a fara da wuyana. Ita ce uwata, ita ce 'yata. Nononta ne ya kawo ni gabanka.”

“To, me za ta ci?”

Gwamma ta nuna tafkin da ke bayan yashi, inda ruwan kogi ke kwanciya kafin ya faɗa teku. Ciyawa ce shimfiɗe a ƙarƙashin ruwan, koriya shar. Ta ce, “Waccan fa, ta wa ce?”

Ebi ya yi dariya ya ce, “Ta Allah ce. In saniya tana kiwo a ruwa, bismilla.”

Haka kuwa aka yi. Kullum da safe Gwamma ta ja Ayu cikin tafki. Da fari iyakar gwiwa, sannan iyakar ciki, har Ayu ta iya tsoma kai ta figo ciyawa ta ɗago tana huci. A hankali ta koyi iyo, maraƙin yana bin ta a baya.

Wata rana maza duk sun fita kamun kifi da kwale-kwale. Teku ya janye kamar yadda yake yi, yaran ƙauye suka taka zuwa wani tsibirin yashi don tsintar kawa da kaguwa. Rana tana tsaka sai gari ya yi baƙi daga kudu, iska ta taso, ruwan ya juyo tun lokacinsa bai yi ba. Kafin a ankara, hanyar da yaran suka bi ta zama kogi mai gudu, tsibirin kuma yana ta ƙanƙancewa. Iyaye mata suka fito suna kururuwa. Kwale-kwalen da ya rage a gaɓa fasasshe ne. Wata ta faɗa ruwan, igiyar ruwa ta watso ta waje.

Gwamma ba ta iya iyo ba. Ta dubi yaran, ta dubi saniyarta, ta shafa mata wuya ta ce, “Ayu, mun ci gwazar mutane. Yau ranar biya ce.” Ta naɗe wutsiyar a hannu, Ayu ta shiga ruwa, maraƙi ya bi su.

Da ƙyar suka kai. Gwamma ta ɗora ƙanana a gadon bayan saniyar, ta ce su riƙe ƙaho da tozo, manya kuma su kama wutsiya. Ayu ta kai su gaɓa ta dawo. Ta sake kaiwa ta dawo, numfashinta yana fita kamar zugazugi. Gwamma tana tsaye a tsibirin, ruwa ya kai mata ƙugu, tana rungume da yaran da suka rage. Sai da aka kwashe su duka sannan ta yarda ta kama wutsiya.

Ƙafarta tana taɓa yashin gaɓa sai aka ji kuka a baya. Maraƙin ne, ya gaji, ruwa ya ja shi ya nufi cikin teku da shi. Gwamma ta cafko igiya tana cewa, “Ayu, a'a! Ba ki da sauran ƙarfi!” Amma wace uwa ce za ta ji wannan? Ayu ta fizge ta koma. Mutane suna kallo ta cim masa, ta tura shi da hanci, sannan wata igiyar ruwa mai tsayin bishiyar kwakwa ta rufe su duka biyu.

Maza suka dawo da yamma suka tarar da 'ya'yansu cif, babu wanda ya ɓace. Gwamma kuwa ta zauna a yashi ta ƙi ci ta ƙi sha. Ebi ya kawo mata abinci da hannunsa, ba ta ko dube shi ba. Da kwanaki suka ja, wata safiya ta tashi ta shiga ruwa har ƙirji, ta ɗaga murya.

“Kai Teku! Ba ka jin kunya? Duk dukiyar da ke cikinka ba ta ishe ka ba, sai saniyar tsohuwa?”

A wancan zamani ruwa yana magana. Teku ya amsa da murya mai nauyi, ya ce, “Baiwar Allah, kullum mutanen nan suna kwashe mini 'ya'yana kifaye da koma, kin taɓa ganina a ƙofarsu ina kuka? Saniyarki ba ta mutu ba. Na ga abin da ta yi, na ji tausayinta. Don kada ta nutse na cire mata ƙaho, na haɗe ƙafafunta na baya suka zama wutsiya mai faɗi, na gaba kuma na mai da su filafilin tuƙi kamar na kwale-kwale. Haka na yi wa ɗanta. Abin da ya rage in raba ta da shaƙar iska ta zama kifi sosai. Daga nan ta huta, ba za ta ƙara tuna tudu ba, ko ke, ko ɗan nata.”

Gwamma ta ce, “Dawo mini da ita.”

“In kin nace, yanzu zan turo miki ita. Amma ƙafar da na ɗauke ba ta dawowa. Za ta kwanta a yashi kusa da ke, rana ta gasa ta, ta mutu a hannunki. Zaɓi naki ne.”

Gwamma ta tsaya, ruwa yana dukan ƙirjinta. Duk duniya ba ta da kowa sai dabbar nan. Can ta share ido ta ce, “Na bar maka ita. Ba zan ƙara ɗaura mata igiya ba, ba zan ƙara tatsarta ba. Amma ka bar mata numfashinta da nononta, ka bar ta ta san ɗanta. Saboda shi ta shigo gidanka.”

Teku ya ce, “Na yarda. Sai dai tsakiyata babu ciyawa, ga manyan kifaye masu haƙora kamar zarto. Mai fitowa shan iska ba zai daɗe a can ba.”

Sai Kogi, wanda yake gefe yana jin su, ya sa baki. Ya ce, “Ni na rako su tun daga arewa, na san wahalar da suka sha. A ba ni ita. Ta zauna a bakina da tafkunana, cikin saiwoyin itatuwan nan. Akwai ciyawa, akwai ruwan sha, kuma ba ta yi nisa da tsohuwarta ba.”

Ana haka sai ruwa ya motsa a gaban Gwamma. Wani faffaɗan hanci ya ɓullo ya yi huci, ga ƙananan idanun nan da ta sani, ga ɗan ƙarami manne a gefe. Gwamma ta rungume wuyan da babu ƙaho tana kuka tana dariya.

Tun daga ranar Gwamma ba ta ƙara hura wuta a bukkarta ba, iyayen yaran nan ne suke ciyar da ita, gida-gida. Ebi da kansa yakan yanko ganyen gwaza daga gonarsa ya kawo. Kowace safiya tsohuwa ta zauna a bakin tafki ta watsa ganye, Ayu ta ɗago kai su gaisa. Har ranar da Allah ya karɓi ran Gwamma. Washegari Ayu ta zo ta ɗago, ta duba gaɓa, ba kowa. Ta nutse, ta jima, ta sake ɗagowa. Babu wanda ya san yadda zai gaya mata.

Shi ya sa har yau jikokinta ba su hau tudu ba, ba su kuma bi manyan kifaye zuwa tsakiyar teku ba. Suna nan a bakin koguna da tafkunan gaɓar nan, suna kiwo kamar shanu, uwa tana shayar da ɗanta. In kun ga ayu ya ɗago hanci ya fuskanci gaɓa, kada wanda ya ɗauki dutse. Ku tsaya cik ku bari ya gan ku, kada ya koma ƙarƙashin ruwa yana cewa yau ma ba kowa.