Ƴar Farin Habi

Akwai wani ɗalibin likita mai suna Abdulra'uf, ɗan birnin Kwatano, da ya zo Matameye wajen 1954 shi da abokan karatunsa uku. Hutunsu suka sadaukar don su yi wa yaran ƙauyuka lambar agana. Zuciyarsa mai kyau ce, wannan ba na musu. Sai dai akwai ji da kai. Ya tsinci Hausa a zango wurin fatake, shi ke nan a ganinsa ya gama sanin Bahaushe.

A wani ƙauye ta wajen Icirnawa ya ajiye teburinsa a gindin gawo, ya kafa doka: kowace uwa ta kawo ƴaƴanta da kanta, ta faɗi sunayensu ya rubuta.

Batulu, tsohuwar ungozomar garin, ta matso kusa da shi, ta kira shi lokotoro, wato likita.

"Lokotoro, ka bari mu kakanni mu kawo maka saura. Akwai ɗan da uwa ba ta kawowa."

"Iya, uwa na ce, ban ce kaka ba. Kamiyon da ya kawo mu, motar can, na tashi da la'asar."

"Ɗana, tambayar nan da kake yi, ba uwa ake yi wa ita ba."

Ya ɗaga mata hannu ya ci gaba da aikinsa. Da ya ba ta minti ɗaya, da ya ji cewa a nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta riƙe hannunsa a bainar jama'a. Yawancinsu ma wurin kakanni suke girma.

Layi ya zo kan wata mata, Habi, da goyo a baya da yaro a hannu. Ya yi musu lamba, ya tambaya, "Su ke nan?"

Surukinta na zaune nan cikin dattawa. Ƴar farinta kuma tana can gidan gona wurin kakarta. Habi ta sunkuyar da kai.

"Na gaba!" in ji Abdulra'uf.

Batulu ta ja sandarta ta bi gidajen gona ɗaya bayan ɗaya. Ta dawo da yara bakwai, ta tarar kamiyo ya tafi.

Da bazara agana ta shigo.

Shekara na zagayowa Abdulra'uf ya dawo yana fara'a, yana jiran yabo. Mai gari ya tarbe shi da fura, ya ce, "Allah ya saka maka. Duk wanda ka yi wa lamba yana nan da ransa. Amma mun binne yara biyar."

"Biyar? Ai ban tsallake kowa ba!"

"Ƴaƴan fari ne dukkansu, lokotoro."

Ya ajiye furar. Nan take maganar tsohuwa ta faɗo masa, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tambayi Batulu, aka ce ita ta yi jinyarsu duka, ga ta can kwance, ba ta son ganin kowa.

Aka raka shi gidan Habi, wadda ƴar farinta na cikin biyar ɗin. Ya same ta tana daka. Wanda bai taɓa durƙusa wa kowa a garin ba, ranar ya durƙusa gaban turmi yana neman gafara.

"Tashi, lokotoro. Kwananta ne ya ƙare," in ji ta. Ta jingine taɓarya. "Ran da ka tambaye ni, sunanta na nan a bakina. Ko da aka fita da ita ban yi kuka a gaban mutane ba. Shekararta shida, ban taɓa kiranta da shi ba."

Ta dubi littafin sunayen da ke hammatarsa, hawaye na zuba.

"Hajara. Sunanta Hajara. Rubuta ta cikin ƴaƴana."

Ya buɗe littafin, ya rubuta.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta isa ba in babu sauraro. Baƙo ko da ido huɗu makaho ne. In ka je taimakon mutane, saurari tsofaffinsu kafin ka kafa doka, domin girman kan minti ɗaya na iya cin rai. Ku tura wa ƴan'uwa, musamman masu aikin lafiya a ƙauyukanmu.