Kifin da Babu Wanda Ya Gani

Akwai wani Injiniya Abdulbaqi da ke zaune a Bin Mahmud, nan Doha. Korona ta tsare matarsa da 'ya'yansa a Kaduna, shi kuma ta bar shi da ɗaki uku da babu mai motsi a ciki.

Da aka fara sakin mutane, sai ya buɗe ƙungiyar kamun kifi a WhatsApp. Hausawa goma sha ɗaya suka shiga. Ba son kifi ya kawo su ba, sun gaji da kallon bango ne. Duk Juma'a da safe, lokacin sanyi, sai bakin teku.

To Injiniya a Turai ya koyi kamun kifinsa. Ba a sa tana, gashin tsuntsu ake ɗaura wa ƙugiya ya yi kama da ƙwaro. In ka kama kifi, ka ɗauki hoto, ka mayar da shi ruwa. In zai yi bayani sai ya gyara tabarau, ya ja hanci: "Ka gane ko, wannan ilimi ne, ba neman abinci ba."

A cikinsu akwai Baba Aruna, ɗan Zongo daga Ghana, mai gadi. Wata Juma'a ya kama kifi, ya juya shi ya sake juyawa, ya ciro yaji daga aljihu.

"Baba Aruna, me nake gani?"

"Injiniya, Allah ya ba ni, in ce masa ba na so? Yalla, maza a kawo gawayi."

Kowa ya yi dariya, ban da mutum ɗaya. Kafin la'asar an cire Baba Aruna daga ƙungiya. Wanda ya tambayi dalili, aka cire shi. Wanda ya tura hoton dariya, shi ma. Sauran suka fice da kansu.

Sanyin gasar cin kofin duniya ya zo. Unguwar Mushairib ba wajen sa ƙafa don 'yan kallon ƙwallo, kowa da abokan ihunsa. Injiniya ya tafi teku shi kaɗai.

Ranar ya kama kifin da bai taɓa kama irinsa ba, tsawon hannu. Ya juya da sauri. "Ku zo ku ga..."

Yashi ne kawai a bayansa, da motarsa.

Ya gwada ɗaukar hoto da hannu ɗaya, rabin kifin bai fito ba. Ya buɗe ƙungiya zai tura, ya ga mamba ɗaya. Ya tsaya a ruwa yana kallon waya har kifin ya daina motsi a hannunsa.

Can nesa hayaƙi ke tashi. Ya san ko su waye. Ya daɗe kafin ƙafarsa ta yarda ta taka.

Ya tarar da su Baba Aruna zagaye da gawayi. Baba Aruna ya dubi kifin, ya dube shi.

"Wannan na hoto ne ko na ci?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Akwai sauran yaji, Baba?"

Baba Aruna ya matsa gefen tabarma. "Zauna. Amma wajen gashi ni ne injiniya."

Darasi: Duk iyawarka, in ka kori mutane saboda ba su yi yadda kake so ba, ranar farin cikinka ba za ka sami wanda za ka kira ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu saurin danna cirewa.