Tsatsar da Ta Hana Inno Zuwa Gwiwa

Akwai wani bawan Allah a garin Babura, sunansa Lauwali, yana da shagon maganin dabbobi a bakin kasuwa. Bafulatani ne, amma tun da mahaifinsa ya rasu ya sayar da shanun da ya gada, ya buɗe shago, ya sayi wata tsohuwar mota Golf ja.

Dangi sun yi ta surutu a lokacin. Waɗanda suka fi kowa zaƙewa su ne 'ya'yan yayar mahaifiyarsa, Adda Dela, da ke wani ƙauye a gefen Gwiwa. Cewa suka yi ya ba da saniya mai haihuwa ya karɓi ƙarfe mai shan mai. Maganar nan ta tsaya wa Lauwali a rai, kullum burinsa wata rana ya faka motar nan a ƙofar gidansu, su gani da idonsu.

Ba ya yarda makanike ya taɓa masa mota. Komai da kansa yake yi a ƙofar gida, da sufanu a cikin wani tsohon buhu, da bidiyon gyara a waya. Ya iya kuwa, ba laifi. Aibinsa ɗaya ne: in ya riga ya ce zai iya, to an gama, ko me za ka faɗa masa ɓata bakinka kake yi.

Mahaifiyarsa Inno a gidansa take zaune. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan da ce masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta taɓa buɗe baki ta nemi wani abu a wurinsa ba. In tana da magana sai ta bi ta hannun matarsa Ikilima: "Ki ce wa mai gidan nan kaza."

Wata Laraba a ƙarshen damina, Musaddiƙ, babban ɗan Adda Dela, ya kira Lauwali a waya.

"Jikin tsohuwa ya yi tsanani. Ta daina cin abinci, ba ta iya riƙe waya. Abu ɗaya take maimaitawa, a ce wa Inno ta zo."

Inno da Adda Dela su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Adda Dela ce ta goya Inno, ita ta raka ta ɗakin miji, kuma rabon da su ga juna an ɗauki shekaru.

Ikilima ta shiga ta faɗa wa Inno. Tsohuwa ta tashi ta ƙulle zannuwanta a ɗankwali, ta sa kwalbar man shanu a ciki, ta yafa mayafi, ta fito zaure ta zauna a kan tabarma.

Lauwali ya durƙusa daga nesa ya ce, "Inno, ni zan kai ki. Ƙafar motar ce ke ƙara, bari in canza abu ɗaya. Kafin la'asar mun kama hanya."

Inno ta dubi Ikilima ta ce, "Allah ya ba da sa'a."

Gaskiya ne motar na da ciwo. A ƙafar gaba akwai wani ƙarfe mai kai kamar ƙwallo, shi ke riƙe taya da jikin mota, makanikai na ce masa boljoyin. Na hagun ya mutu, ko ɗan rami aka shiga sai ka ji ƙwal-ƙwal. In ya tsinke ana gudu, tayar lanƙwashewa take yi. Sabon yana nan a ajiye tun watan jiya, sa shi ne kawai bai yi ba.

Ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta da bulo, ya cire taya. Da ya leƙa sai ya ga abin da ruwan damina da taɓo suka yi. Tsatsa ta ci wurin ja wur, noti da ƙarfen sun zama abu ɗaya.

Ya sa sufana ya ja, ba motsi. Ya zura bututun ƙarfe a hannun sufanar, ya hau kai da ƙafa. Da ƙyar notin ya juya yana kuka, ya fita. Lauwali ya share gumi, ya ɗauka an gama.

Ashe ko farawa ba a yi ba. Sandar boljoyin ɗin ta maƙale a cikin raminta. Ya zuba mata man birki. Ya zuba kananzir. Ya ba ta ɗan lokaci ta sha, ya ƙwanƙwasa, tana nan daram. La'asar ta yi, ta wuce.

Gab da magariba maƙwabcinsa Alhaji Dunoma, mai sayar da hatsi, ya zo wucewa ya tsaya.

"Malam Lauwali, sannu da aiki. Na ji Inno za ta dubiya. Gobe da sassafe zan kai gero Kazaure, gaban motar ba kowa. In na sauke kaya sai in ƙarasa da ita Gwiwa, ai ba nisa."

Lauwali ya fito da kansa daga ƙarƙashin mota. A ransa ba Adda Dela ya gani ba. Su Musaddiƙ ya gani a tsaye, suna kallon Inno tana saukowa daga motar buhuna, suna tambayar ina mai jar motar.

"Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma ina da mota a ƙofar gida, a ce uwata ta je cikin danginta a motar gero? Ai an kusa gamawa."

"Motar geron ma kai mutum take yi," in ji Alhaji Dunoma. "Marar lafiya fa ake magana."

"Na sani, Alhaji. Na gode."

Inno na zaure, duk a kunnenta. Ba ta ɗago kai ba.

Alhamis da asuba motar Alhaji Dunoma ta tashi, ta ɗan tsaya a ƙofar gidan, ta yi ham sau ɗaya. Ba wanda ya fito, ta wuce.

Ranar haushi ne ya yi aiki, ba hankali ba. Lauwali ya ɗauko babbar guduma ya dinga jibgar kan sandar daga sama. Ya jibga, ya jibga, har kan ya baje kamar na tsohuwar ƙusa. Sai da ya tsaya shan ruwa ya lura da ɓarnar da ya yi: kan ya fi ramin faɗi yanzu, ko tsatsar ta saki ba ta inda zai wuce.

Ya sa Ikilima ta kawo garwashi a kasko, ya tura ƙarƙashin wurin yana fifitawa, wai zafi ya buɗa ƙarfen. Robar jikin boljoyin ɗin ta kama wuta, giris ɗin ciki ya yi fuu, ya babbake masa gashin gira. Unguwa ta cika da ƙauri.

Ikilima ta tsuguna kusa da shi ta yi ƙasa da murya.

"Abban Zubaida, Inno fa tun jiya ba ta cire mayafinta ba. Tuwon ma ba ta taɓa ba. Ka bari in raka ta tasha mu hau ta haya."

"Ta ce miki wani abu ne?"

"Kai ma ka san ba za ta ce ba."

"To da abin ya kai haka ai da ta faɗa. Ki bar ni in yi aikina."

Jama'a, nan ne Lauwali ya ba ni haushi. Mutumin da ya san tsatsa ta nawa ce a jikin noti, ya kasa sanin halin matar da ta haife shi. Shekara nawa yana ganin Inno, ko ƙishirwa take ji ba za ta ce masa miƙo ruwa ba. Ya san shirun nan ba na yarda ba ne. Kawai dai shirun ya yi masa daɗi.

Musaddiƙ ya yi ta kira yana tambaya, "Kuna ina? Kun taso?" Lauwali ya gaji da cewa muna nan tafe, ya kashe wayar ya jefa ta cikin buhun sufanu.

Juma'a da safe ya aro zarton ƙarfe ya yanke kan da ya baje. Ya tokare gefe ɗaya na ramin da guduma, ya daki ɗaya gefen da wata. A bugu na ƙarshe sai ƙau! Boljoyin ɗin ya faɗo ƙasa. Lauwali ya yi kabbara da ƙarfi har kaji suka watse.

Sa sabon bai ɗau lokaci ba. Da hantsi mota ta sauka a kan ƙafafunta huɗu. Inno ta miƙe ta ɗauki ƙullinta.

Sai Lauwali ya ja da baya ya dubi motar. Duk shatin hannu ne na baƙin mai, ga toka, ga taɓo. Haka zai shiga da ita ƙauyen su Musaddiƙ?

"Inno, minti kaɗan, bari in ɗauraye ta."

Inno ta koma ta zauna.

Ya wanke ta da omo ciki da waje, ya goge gilasai, ya shafa wa tayoyi mai. Ya yi wanka, ya sa babbar riga. Kafin ya gama an fara haramar masallaci, ya ce to ai sai a yi Juma'a tukuna.

Bayan an sauko suka kama hanya. Mota kuwa ta yi lafiya lau, ba ƙwal ba ƙwas. Suka ratsa Kazaure, suka miƙi hanyar Gwiwa. Lauwali har ɗan murmushi yake yi in ya shiga rami bai ji komai ba. Inno na baya kusa da Ikilima, ƙullinta a cinya.

La'asar sakaliya suka shiga ƙauyen. Tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar gidan, maza zaune a jere. Wasu samari na wanke ƙafa, fartanya da shebur a ajiye a gefensu, da ɗanyar ƙasa a jiki.

Ya faka motar daidai inda ya daɗe yana mafarkin faka ta. Ba wanda ya dube ta.

Inno ta buɗe ƙofa da kanta. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta shige cikin gida, Ikilima na bin ta.

Musaddiƙ ya taso ya ba shi hannu. Bai yi faɗa ba, muryarsa ma a dishe take.

"Ana kiran sallar Juma'a ta cika. Mun yi ta neman wayarka. Tun shekaranjiya duk ƙarar motar da ta ji sai ta ce a leƙa, ko Inno ce. Yau da hantsi wata ta wuce, na tashi zan leƙa, ta riƙe mini riga ta ce in zauna, a bari haka."

Lauwali ya zauna a bakin tabarma. Ya so a ce Inno ta fito ta zage shi a gaban mutane. Ya so ta mare shi. Da ya samu sauƙi.

Can sai ga Ikilima ta leƙo daga zaure, idanunta jajur, da kwanon ruwa a hannu. Ta ajiye a gabansa.

"Inno ta ce a kawo wa mai gidan nan ruwa ya sha. Ta ce kwana biyu yana wahala saboda ita, Allah ya yi masa albarka."

Lauwali ya dubi kwanon. Ya kifa fuskarsa a cikin babbar rigarsa, ya fashe da kuka a gaban su Musaddiƙ.

Darasi: Iyayenmu da yawa ba sa iya buɗe baki su ce mana "yi sauri" ko "ka ɓata mini". Kada ka ɗauki shirunsu a matsayin izini, kai ne za ka duba ka gane. Kuma in buƙatarsu ta taso, karɓi taimakon duk wanda ya miƙo hannu, ka ajiye maganar me mutane za su ce. Mota za ta jira ka, marar lafiya ba lallai ya jira ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka san yau akwai tsohuwa a gidansa da ta yi shiru tana jiran ya gama.