Gashin Ƙeyar Dudu

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta, Gwaggo!

To, ku gyara zama. Ke Larai, cire yatsa daga baki. Wanda ya san gyangyaɗi zai yi ya tashi tun yanzu, don ni ba na maimaita magana.

Wata mata ce a wani gari, sunanta Tasalla, mai kitso. Kitso kam ta iya shi, ba a ja da ita. Amma matar nan son gashi ya yi mata yawa. In ta haɗu da mai sanƙo a hanya sai ta kau da kai ta tofar da yawu. Kuma duk abin da ya yi muni a gidanta, fasasshiyar ƙwarya ce ko kaza mai ciwo, ta kan katanga take wurga shi. Bayan katangar nan kuwa akwai wani ƙaton Muzuru mai kunne ɗaya, a nan yake kwana, a nan yake tashi.

Wata rana fatake suka sauka a garin da ɓeran Masar, mace. Kun dai san ɓeran Masar, 'yar dabbar nan mai kama da zomo, ba wutsiya, ba dogon kunne, sai gashi luf-luf. Tasalla na ganin ta ta ce, "Wayyo gashi!" Ta saye ta, ta sa mata suna Dudu. Ashe Dudu da ciki ta zo. Ba a jima ba ta haifi 'ya'ya uku: Jatau ja, Duna baƙi, sai Auta, fari tas.

Tasalla ta so su. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta so su. Ta daɓe tsakar gida sumul, ko tsinke ba ta bari. Da safe kunu. Da rana fura da nono. Da yamma tuwon shinkafa mai laushi. In mata sun zo kitso sai ta ɗauko su ta taje su, tana cewa, "Ku dubi 'ya'yana."

To, shi ɓeran Masar haƙoransa ba sa daina tsiro. In bai tauna ciyawa ba sai su dame shi da ƙaiƙayi, ya rasa inda zai sa kansa. Kunu kuwa, me za a tauna a cikinsa?

Dudu ta je ta durƙusa. Ta ce, "Uwar ɗakina, mun gode da kunu, Allah Ya ƙara buɗi. Amma da za a taimaka mana da 'yar ciyawa."

Tasalla ta ce, "Ciyawa? A gidana? Ce miki aka yi jaki na saya? Mutane su shigo su ga 'ya'yana suna cin abincin awaki? Allah Ya kiyaye!"

Dudu ta koma.

Ana nan, ana nan, sai Dudu ta ji Auta ya yi ƙara. Ta juya, ga Jatau da farin gashi a baki. Ta ce, "Kai Jatau, ƙanenka kake ci?"

Ya ce, "Inna, haƙorana ne. In ban tauna wani abu ba mutuwa zan yi."

Duna ya ce, "Ni ma haka, Inna."

Auta yana kuka ya ce, "Ni ma."

Dudu ta dube su. Ta san duk wanda ya yi sanƙo a gidan nan, katanga ce makomarsa. Sai ta kwanta ta ba su gefenta na dama, tana waƙa:

"Ku ci nawa, ku bar na juna,
Ku ci nawa, 'yan lelena,
Ku ci dama, ku bar mini hagu."

Suka ci. Ƙuruc, ƙuruc, ƙuruc. Suka ci har fata ta fito.

Gari ya waye, Tasalla ta zo taje su. Ta ce, "Subhanallahi! Dudu, me ya ci miki gashi?"

Dudu ta dubi Jatau. Jatau ya sunkuyar da kai. In ta faɗa, shi za a wurga. Sai ta ce, "Ban sani ba, uwar ɗakina. Amma da za a samu ciyawa, ina jin zai tsaya."

"Ke dai da ciyawa!" Tasalla ta ɗebo man shanu ta shafa mata, ta ƙara musu kunu.

Man shanu kuwa sai ya ƙara wa gashin daɗi. Ba a daɗe ba yaran suka sake zuwa. Dudu ta juya musu hagu.

"Ku ci nawa, ku bar na juna,
Ku ci nawa, 'yan lelena,
Ku ci hagu, ku bar mini baya."

Ƙuruc, ƙuruc, ƙuruc.

Tasalla ta gani, ta ja da baya ta riƙe haɓa. "Wannan ai ƙazuwa ce! Dudu, ki ji da kyau. In abin nan ya ƙara gaba, wallahi ba zan bari ki shafa wa 'ya'yana ba."

Kun ji fa, 'ya'yanta. Wadda ta haife su tana tsaye, wata ke cewa 'ya'yana.

Dudu ta ce, "Uwar ɗakina, don girman Allah, ko dunƙule ɗaya na ciyawa."

Tasalla ta ce, "In na ƙara jin kalmar nan a bakinki, sai ranki ya ɓaci."

Yaran suka sake zuwa. Dudu ta san abin da zai biyo baya sarai. Ta dube su, gashinsu sai sheƙi yake yi, ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Ta kwanta rub da ciki.

"Ku ci nawa, ku bar na juna,
Ku ci nawa, 'yan lelena,
Ku ci baya, ku ci wuya, ku ƙoshi."

Da safe Dudu ta fito tsirara, fata jawur, ko sili ɗaya babu. Tasalla ba ta ma yarda ta taɓa ta da hannu ba. Da tsumma ta ɗauke ta, ta wurga ta kan katanga. Tim!

Kun san a kan me ta faɗa? Ciyawa. Ciyawa koriya shar, harkiya da yaɗiya har sun fi ta tsayi. Ashe katanga ɗaya ce tsakanin 'ya'yanta da ciyawar nan. Dudu ta zauna ta yi kuka, ta yi kuka, baƙin ciki kamar ya kashe ta.

Sai ga Muzuru. Ya shinshina ta, ya yamutsa fuska. "Tir! Mai ƙazuwa aka jefo mini yau? Ni ba na cin mai ƙazuwa, kada bakina ya yi ƙuraje. Ci ciyawa ki warke. Ranar da gashi ya fito miki, ranar ke tawa ce."

Dudu ta ce, "To, ranka ya daɗe."

Ya tafi. Ita kuwa ta bi gindin katanga har ta samu rariya, 'yar kafar nan da ruwan wanke-wanke ke fita ta ciki. Ta gwada shiga, kanta kaɗai ya shiga. Ta kira, "Jatau! Duna! Auta!" Suka zo da gudu. Ta yago ciyawa ta tura musu. Kai, ku ga ci! Ranar ƙaiƙayin haƙori ya kwanta.

Kullum da asuba, kafin Tasalla ta tashi, Dudu na tura ciyawa ta rariya, yara na cinyewa tas. Suka yi ƙiba, gashinsu ya ƙara tsawo. Tasalla ta riƙa ce wa masu kitso, "Kun gani? Tun da na jefar da mai cutar nan 'ya'yana suka murmure."

Me ka ce, Ɗanlami? Don me yaran ba su fito wajen uwarsu ba? Kai dai ba ka saurare. Su fito da ƙibarsu da gashinsu, Muzuru ya bar su? Don me ita ba ta gudu ba? Ta gudu wa zai kai ciyawa? Yi mini shiru.

To, ciyawa ta karɓi Dudu ita ma. Gashi ya fara tsiro mata. Da ta gani sai hankalinta ya tashi, don gashin nan ajalinta ne. Ta juya kai ta kama gefenta ta fara ci. Ba yunwa, ba ƙaiƙayi, ga ciyawa a gabanta, amma gashin jikinta take tauna, tana haɗiya da ƙyar. Ta ci dama, ta ci hagu, ta ci baya har inda bakinta ya kai.

Muzuru ya zo. "Ke, har yanzu?"

"Har yanzu, ranka ya daɗe. Ciwon ya ƙi."

Ya yi tsaki ya tafi.

Ya sake zuwa. "Ke, wannan ciwon naki ba ya jin magani ne?"

"Sai a hankali, ranka ya daɗe."

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. Ya zagaya ta baya. Ya yi dariya. "Af! Ga ƙeya ta yi gashi. Wace irin ƙazuwa ce ke cin jiki duka ta tsallake ƙeya? Ke ce dai ke aske kanki, bakinki ne bai kai nan ba. Gobe zan dawo. In na tarar da gashin nan, na san lafiyarki ƙalau, zance ya ƙare."

Dudu ta murɗa wuya, ta murɗa, baki bai kai ba. Ta goga ƙeya a katanga, gashin ya kwanta ya tashi. Ta kai ƙafa, ƙafar gajera ce. Sai ta ce a ranta, ai ina da 'ya'ya uku, kuma cin gashi ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Da asuba ta tura ciyawa, sannan ta cusa kanta cikin rariya.

"Jatau, ɗana, shigo ka cinye mini gashin ƙeya. In ba haka ba yau Muzuru zai cinye ni."

Jatau yana tauna ciyawa ya ce, "Haba Inna, gashi kuma? Ai mun daina tun da ciyawa ta samu. Ko tunawa na yi zuciyata tashi take yi. Ki sa Duna."

"Duna, ɗana, shigo ka cinye mini gashin ƙeya."

Duna ya leƙa rariya ya ga caɓi. Ya ce, "Inna, yau amarya za a kawo kitso, kuma ni za a nuna mata. In na ɓaci da caɓin nan fa? Ki bari sai gobe."

"Babu gobe, Duna."

"To ki sa Auta."

Auta bai jira an kira shi ba. Ya kutsa cikin caɓin, yana kuka yana cewa, "Inna, sunkuyo." Ta sunkuya. Ya kai baki, ya cizgo loma ɗaya.

Sai ji ya yi an damƙi ƙafarsa. Tasalla ce ta tashi alwala. Ta fizgo shi waje, fari tas ya koma baƙi ƙirin. Ta leƙa rariya, ta yi ido biyu da Dudu.

"La'ilaha! Ashe ba ki mutu ba? Ta rariya za ki dawo mini da cutar? Har da ciyawa, don ki ƙazanta mini gida?"

Dudu ta ce, "Uwar ɗakina, ki saurare ni sau ɗaya, ba ƙazuwa ba ce..."

Ina! Tasalla ta riga ta ɗauko dutse. Ta toshe rariya, ta kwaɓa laka ta liƙe.

Rana ta fito, Muzuru ya zo. Ya tarar da Dudu zaune a bakin rariyar da aka toshe, ga tarin ciyawa a gabanta. Ya duba ƙeya, gashi na nan, wuri ɗaya kawai aka cizga.

Ya ce, "To?"

Ta ce, "To, ranka ya daɗe. Alfarma ɗaya nake roƙo. In ka gama da ni, ka riƙa jefa musu ciyawa ta kan katanga."

Muzuru ya kwashe da dariya. "Ni da ciyawa? Kin ga na yi kama da makiyayi? Kwantar da hankalinki, ba za su daɗe ba su ma. Ta inda kika zo za su zo."

Ya cinye ta.

A cikin gida kuwa aka koma kunu da fura. Ba a jima ba wata safiya Tasalla ta ɗauko Auta za ta taje shi, ta ga gefensa na dama fata ce jawur. Ta ce, "Kai, Dudu, Allah Ya isa tsakanina da ke! Sai da kika shafa wa ɗan nan." Ta ajiye shi ta je neman tsumma. Da za ta wuce ta shafa bayan Jatau, gashinsa na ta sheƙi, ta ce, "Kai dai Allah Ya tsare mini kai."

Kada ku tambaye ni Auta. Larai, share hawayenki, ni ma ba daɗi ta yi mini ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, in kuna kiwon dabba, ku ba ta abin da jikinta ke so, ba abin da zai burge baƙinku ba. In kuma kun ga ɗaya ta zubar da gashi a cikin 'yan'uwanta, kada ku yi saurin cewa ita ce mai cuta. Ku fara duba bakin wanda gashinsa ya fi na kowa kyau.

Ƙurunƙus kan ɓera, na rumbu ba na Masar ba, su kam sun sha isasshiya. Gizo ne ya ba ni ita, in ƙarya ce ku bi shi ya biya ku. Kowa ya naɗe tabarmarsa.