Yadda Zabuwa Ta Shuka Doya Kamar Gero

Kaka Tabawa ta gyara zama a kan tabarma, ta ce, "To, masu kunne, ga ta nan, ga ta nanku."

Muka amsa baki ɗaya, "Ta zo mu ji ta, Kaka."

Ta ce:

A can ƙasar kudu, tun ba a sa mata suna ba, tun babu hanya sai sawun namun daji, akwai wani babban kurmi da rafi ya kewaye shi. Waɗanda suka fara zama a wurin su ne dangin Kunkuru da dangin Gafiya. Tsohon Kunkuru shi ne mai ƙasa, domin kakanninsa ne suka fara sare wurin. Abincinsu doya, sana'arsu doya, ko hira za su yi, a kan doya take ƙarewa.

Suna da wata al'ada game da baƙi. Idan baƙo ya sauka a ƙetaren rafi, ba ya hayewa, shi ma mai ƙasa ba ya zuwa wurinsa. Sai dai a aika masa da doya guda. In ya dasa ta, ya ce ke nan yana son zama, sai a yanka masa gona ya zama ɗan gari. In ya cinye, a sake aika masa. Idan ya cinye har sau uku, to ya nuna shi mai wucewa ne, sai mai ƙasa ya haye da guzuri ya sallame shi, kuma ba a ƙara karɓarsa.

Ƙanena Ɗanlami ya ce, "Kaka, to me ya hana su faɗa wa baƙon kawai?"

Kaka ta ce, "Angona, ka cika garaje. Kai ka taɓa tsayar da baƙo ka ce masa da hannun dama ake cin tuwo? Abin da mutum ya tashi ya tarar a gidansu, gani yake duk duniya ta san shi. Bari in ci gaba."

Wata shekara aka yi fari a arewa. Gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, rijiyoyi suka ƙafe. Wata tsohuwar Zabuwa ta tara 'ya'yanta da jikokinta, ta ɗaura damin geron da ta ware don iri, ta ce, "Mu nufi inda hadari yake fitowa." Suka yi ta tafiya, ƙafafun ƙanana suka kumbura, har suka iso bakin wannan rafi. Nan suka kafa bukkoki a kan tudun yashi. Zabuwa ta dubi jikokinta, ta san ba za su iya ƙara wata tafiya ba. Ko dai su sami ƙasa a nan kafin damina ta yi nisa, ko kuma ƙananan su mutu a hanya.

To, akwai Gizo. Shi ba ɗan kurmi ba ne, ba kuma baƙo ba. Ya ɗaura zarensa daga wannan gaɓa zuwa waccan, ko'ina aka ɗora tukunya yana nan. Da ya ji za a aika wa baƙi doya, sai ya faɗi gaban Kunkuru.

"Ranka ya daɗe, mai ƙasa, me zai sa a jiƙa ƙafa ga ni? Ni nake da gada."

Kunkuru ya ce, "Gizo, doya ce ta al'ada. Ba ta ɗanɗano ba ce."

"Haba, ranka ya daɗe! Ni da doya ko gaisawa ba ma yi. Kumbura min ciki take."

Aka ba shi doya, ya haye. Zabuwa ta juya ta, ta shinshina, ta ce, "Ɗan nan, wannan itace ne ko abinci? Me mai ƙasa yake so mu yi da shi?"

Gizo ya ce, "Gwaggo, kin yi sa'a da kika tambayi masani. Al'adar nan ita ce, baƙo ya dafa ta, ya kirɓa sakwara, ya mayar wa mai ƙasa, a ga ko hannunsa na da albarka. Kuma kada ku taɓa ko loma."

Zabi suka fere, suka dafa, suka kirɓa yadda ya nuna musu, yara na kallo suna haɗiyar yawu. Gizo ya ɗauki akushi, ya tsaya a tsakiyar zare, ya cinye tas, ya wanke akushin a rafi. Ya isa wurin Kunkuru yana girgiza kai.

"Sun cinye, ranka ya daɗe."

Kunkuru ya ce, "Yunwar hanya ce. A sake kai musu."

Gizo ya haye da ta biyu. Zabuwa ta tare shi da sauri, ta ce, "Me mai ƙasa ya ce? Za a ba mu wuri?"

"Ya ce sakwarar da gudaji, Gwaggo, amma ya yafe. Wannan karon gasawa za ku yi, a zuba manja."

Ba su da manja. Zabuwa ta kwance damin irinta, ta ciri zangarniya ta ba Gizo ya musanyo musu. Suka gasa, suka zuba manja. Gizo ya tsaya a tsakiyar zare, ya cinye, har ya lashe ganyen da aka naɗe ta.

"Sun sake cinyewa, ranka ya daɗe."

Gafiya, wanda shi ne mai ba Kunkuru shawara, ya ce, "Na faɗa maka. Masu zanen jikin nan ba mazauna ba ne. Dubi ƙafafunsu, na yawo ne."

Kunkuru ya ce, "Na hango yaransu daga nan, sun rame ƙwarai. A zaɓo babba a kai musu. Saura kuma ya rage nasu."

Gizo ya kai ta uku, da ƙyar zarensa ya ɗauke ta. Ya ce, "Gwaggo, wannan fate za ku yi. Ku zuba ta duka, mai ƙasa ba ya son ragi." Ya sami inuwa ya kwanta, ya ce a tashe shi in faten ya nuna.

Zabuwa ta zauna da wuƙa a hannu, ta kasa yankawa. A garinsu, ko yunwa za ta kashe mutum, ba ya zuba ƙarshen hatsinsa a tukunya sai ya fitar da iri. Ta ce a ranta, "Sau uku ke nan wannan abu yana shigowa hannuna yana fita. In an kore mu, ko irinsa ba mu da shi. In an bar mu, da me za mu fara?" Ta tsaga doyar tana neman ƙwaya, ba ta ga ko ɗaya ba. Sai ta yanke kan, ta ɓoye a ƙarƙashin fiffikenta, ta zuba sauran a tukunya.

Da Gizo ya tafi da fate, ta zagaya bayan bukka. Ita dai shuka ɗaya ta sani a duniya. Ta yayyanka kan doyar ƙanana ƙanana, kamar ƙwayar gero. Ta ɗauki sungumi tana sara rami, tana jefa 'yan gutsattsarin, tana rufewa da diddige, layi bayan layi, yadda uwarta ta koya mata.

Tana cikin rufe ramin ƙarshe sai ga Gizo ya dawo, ciki ya yi tulu, ya riga ya gaya wa Kunkuru sun cinye ta uku, ya zo neman ƙanzon tukunya. Ya ga ramuka, ya san in mai ƙasa ya gani, asirinsa ya tonu.

"Gwaggo! Me kika yi? Kin sa abu a ƙasar da ba a ba ki ba? A nan, wanda ya yi haka, jefa shi ake yi a rafi da dutse a wuya!"

Zabuwa ta dafe ƙirji. "Wayyo, ban sani ba!"

"To ki rufe bakinki. Gobe mai ƙasa zai hayo. Duk abin da ya tambaya, ni zan amsa."

Da hantsi sai ga Kunkuru ya hayo, Gafiya na biye da shi ɗauke da kwandon guzuri. Zabi suka durƙusa suka yi gaisuwa. Gizo ya yi maza ya shimfiɗa tabarma a kan ramukan, ya zauna a kai.

Kunkuru ya ce, "Uwar baƙi, sannunku da hanya. Mun ji amsarku, ba mu kuma riƙe ku da komai ba. Ga guzuri. Allah ya kai ku inda kuka nufa."

Zabuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, tafiya za mu yi?"

"Ai ku kuka zaɓa. Doya uku na aiko. Ba duka kuka ci ba?"

Gizo ya yi caraf ya ce, "Duka, ranka ya daɗe! Har ɓawon. Ni ne shaida."

Kunkuru ya ce, "Ba kai na tambaya ba. Iya, duka?"

Zabuwa ta dubi rafi, ta dubi jikokinta. In ta yi shiru, za ta tsira da ranta, su kama hanya. In ta yi magana, ga dutse ga ruwa. Amma ta ga idan suka tafi aka gano ramukan, za a ce zabi ɓarayin ƙasa ne, duk ɗan arewa da ya biyo bayansu ya tarar da ƙofa a rufe. Ta sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ba zan yi wa mai furfura ƙarya ba. Ci dai, ko loma ba mu ci ba, duk mun dafa mun aika maka yadda aka umarce mu. Amma ta ukun ban aika duka ba. Na yanke kanta na shuka a ƙasarka ba da izininka ba. Ni kaɗai na yi. In dutsen ne, a ɗaura mini, a bar yaran nan su huta kafin su tafi."

Kunkuru ya miƙo wuya har ƙarshensa. "Wane dutse? Kin ce kin shuka? Ina?"

"Ga shi nan ƙarƙashin Gizo."

"Gizo, tashi."

"Ranka ya daɗe, ƙafata ta yi sanyi."

"Tashi, na ce."

"Tabarmar ce ta manne mini."

Gafiya ya kama gefen tabarma ya fizge, Gizo ya wuntsila. Sai ga 'yan ramuka a jere, kowanne da sawun diddige a kansa. Kunkuru ya tona ɗaya, ya ciro ɗan gutsuren doya da bai kai ƙwayar wake ba. Ya dube shi, ya dubi Zabuwa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta dariya har ya kife a bayansa, ƙafafu sama, sai da zabi suka taru suka juyo shi.

"Iya, wa ya koya miki dashen doya?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe. Haka muke shuka gero."

Gafiya ya murtuke fuska ya ce, "Wannan ba dashe ba ne, ɓarnar doya ce. Ko shekara za a yi ana ruwa, babu abin da zai tsiro a nan."

Kunkuru ya share hawayen dariya, ya ce, "Gaskiyarka, ba zai tsiro ba. Amma kakanninmu ba gwani suke nema da doyar nan ba, mai niyyar zama suke nema. Tsohuwar nan jikokinta na kukan yunwa, abinci na hannunta, ta zaɓi ta sa shi a ƙasa. Kai da aka haifa a kan tulin doya, ka taɓa yin haka?"

Gafiya ya sosa kunne, ya ce, "Ban taɓa ba."

"To, ajiye kwandon nan, a dafa wa yara. Iya, ku haye. Daga bakin kwakwar can har zuwa fadama, naku ne, ku da jikokinku."

Zabuwa ta fashe da kuka, zabi suka kaure da guɗa. Kunkuru ya juya ya ce, "Sai dai ban ga sakwarata ba, ban ga gasasshiyata ba, ban ga fatena ba. Gizo, ina suka shiga?"

Gizo ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗanɗanawa na yi don kada a sa maka guba. Ban ankara ba sai na ga gindin akushi."

Aka miƙa masa fartanya, aka ce shi zai tara tulin ƙasar da za a dasa doyar baƙi, tun daga kwakwa har fadama. Ya yi ta sunkuyo yana tarawa har ƙugunsa ya tsuke, bai kuma koma daidai ba har yau.

Kunkuru da kansa ya koya wa zabi yadda ake yanka iri da girma, a binne shi a kan tuli, a kafa masa sanda ya hau. Ita kuma Zabuwa ta kwance sauran daminta, ta nuna wa mutanen kurmi tudun da ruwa ba ya kwanciya, suka shuka gero. Da kaka ta yi, aka ci sakwara a gidan zabi, aka sha fura a gidan Kunkuru. Gafiya ne ya fi kowa sha, har ya nemi ƙari. Gari ya haɗe ya zama ɗaya, wasu baƙin suka yi ta zuwa, ƙasa ta cika. Tun daga ranar kuma, mai ƙasa da ƙafarsa yake kai wa baƙo doya, ya zauna ya gaya masa ma'anarta da bakinsa.

Kaka ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ku riƙe wannan. In kun je ƙasar wasu, ku nemi mai ƙasa ku ji al'ada daga bakinsa, ku kuma faɗi gaskiya ko da kuna jin tsoro. In kuma baƙo ya sauka a taku, kada ku bar mai kwaɗayi ya tsaya a tsakaninku, kuma kada ku auna shi da rashin iyawarsa, ku duba abin da yake nufi. Ƙurunƙus kan kusu, na sauke ta nan, kowa ya ɗauki rabonsa."