Damin Namiji, Rungumar Mace

Akwai wani manomi a wani ƙauye, tun zamanin da girbi aikin gari ne duka. Mutumin kirki ne, ba a taɓa jin ya kori mai roƙo daga ƙofarsa ba. Gonarsa babba ce, in dawa ta nuna sai ya kira maza da mata su yi masa aiki.

Kai, girbin wancan zamani da daɗi yake! Tun rana ba ta ɗaga ba za ka ji amon magirbi a gindin kara. Maza suna kwantar da dawa, suna yanke zangarniya, suna ɗaure dammuna. Mata kuwa su naɗa gammo su ɗauka, su jeru a 'yar siririyar hanya har bakin rumbu, ɗaya tana ba da waƙa saura suna amshi. Da tsakar rana a sauke kunun tsamiya a gindin ɗorawa, a sha, a yi ta tsokanar wanda ya fi kowa son inuwa. Duk wanda ya ga wannan da idonsa, har ya tsufa yana marmarinsa.

Sai dai akwai wata al'ada. In an tashi da yamma, kowane namiji yakan ɗauki dami guda, shi ne ladansa. Mace kuwa sai ta sunkuya ta rungumi zangarniya, abin da hannuwanta biyu suka iya riƙewa shi ne nata. Ana ce masa runguma, kuma ko rabin dami ba ya kaiwa. In ka tambayi dalili sai a ce ai namiji ne ke ciyar da gida, na mace na ɗan marmari ne. Manomin nan haka ya tarar, haka yake yi, bai taɓa jin komai a ransa ba.

A cikin matan akwai wata gwauruwa. Mijinta ya rasu da bazara, ya bar mata yara ƙanana, Kyauta da Jummai da autansu Tanko. Ba ta da gona sai ɗan fili a bayan ɗaki. Abin da ta samu a girbin nan shi za su ci har wata kaka, in bai kai ba kuwa dole ta raba yaran ga dangi. Don haka ta ɗauki magirbin mijinta. Da safe tana sara tare da maza, da rana tana ɗauka tare da mata.

Ranar da za a gama, ta sami manomin a bakin rumbu, ta durƙusa ta ce, “Baba, na yi sara, na yi ɗauka, ka gani da idonka. A gidana yanzu ni ce namijin. Ka ba ni dami kamar yadda kake ba su.”

Manomin ya ji tausayinta ƙwarai, amma ya ce, “'Yata, in na ba ki, gobe sauran mata ma za su zo, me zan ce musu? Ba ni na kafa abin nan ba. Ɗauki rungumarki. In abu ya matsa, ai ƙofata a buɗe take.”

Ta ce, “To, Baba.” Ta sunkuya ta rungumi abin da ta iya, ta tafi.

Rani ya wuce, bazara ta wuce, damina ta yi nisa. Aka shiga kwanakin marka, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Wata safiya manomin ya leƙa rumbunsa ya ga har yanzu da saura da yawa, sai gwauruwar nan ta faɗo masa a rai. Ya sa aka sussuke dawa, aka cika taiki, aka ɗora wa jaki. Ya sa rigarsa mai kyau. Har ta bakin kasuwa ya bi, ko da yake akwai hanyar da ta fi kusa. Mutane suna ta sa masa albarka, shi kuwa ransa fari tas.

Da ya isa ya ce, “Gafaranku dai, masu gida!” Gidan tsit. Ya tarar da ita ita kaɗai a bakin murhu, tana dafa ganyen tafasa a 'yar ƙaramar tukunya.

Ya ce, “'Yata, ga ɗan abin da Allah ya hore. Ina jikokina? Kira su su gani.”

Ta dubi taikin. Sa'an nan ta ce, “Kyauta tana birni tana yi wa wasu wanke-wanke. Jummai tana wurin gwaggonta. Tanko kawunsa ya tafi da shi tsallaken kogi, yana kuka yana riƙe da zanena. Na gode, Baba, Allah ya saka. Amma da hakkina ka ba ni da kaka, da yau suna nan za su gaishe ka. Wannan kuwa, wa zai ci?”

Manomin ya tsaya da igiyar jaki a hannu. Dawar da ke cikin taikin ta fi abin da ta roƙa yawa. Kunya ta rufe shi, ya yi kuka.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Manomin nan mu ne, ba wani mugu can nesa ba. Gwauruwar kuwa ita ce kowace mace da ke aiki a ƙarƙashin hannunmu: mai ɗaukar kwanon kankare a wurin gini, malamar da ke koyarwa a aji ɗaya da malami, mai share mana ɗakin sujada, matar da ta wuni a gonarmu. Runguma ita ce ɗan abin da muke ragewa daga ladanta muna cewa ai mace ce, akwai mai ciyar da ita. Sau da yawa kuwa ita ce mai ciyar da gidan.

Mun iya kyauta, gaskiya ne, muna kuma son a gan mu muna yi. Amma Ubangiji da ya halicci hannun namiji shi ya halicci na mace, yana kuma ganin gumin kowannensu. Ba zai karɓi sadakar da muka ɗebo daga hakkin da muka danne ba. Al'adun iyayenmu da yawa masu kyau ne, mu riƙe su da hannu biyu, amma wannan kam mu bar ta.

Saboda haka kowa ya koma gida ya tuna da macen da ke yi masa aiki. Kada ka jira sai ta zama abar tausayi. Ka biya ta cikakken ladanta yau, tun 'ya'yanta suna gida.