Matar da Ta Rufe Ido Ta Gyara Falo

Bayan sujada na ji Mama Kande tana tambayar wata a bakin ƙofar majami'a: "Wai me tsohon nan yake samu a falon ƙaramin ɗansa ne? Falo fayau kamar masussuka, ga na babban ɗansa har da teburin gilashi!" Ni ban iya magana cikin mutane ba, shi ya sa na rubuta wa ajinmu na majami'a wannan misali.

Akwai wani mutum da ya yi aure, matarsa kuwa ta cika falonsu da kaya. Ga tebur a tsakiya, ga tukwanen furanni dama da hagu, ga darduma mai geza. Kowa ya shigo sai ya yaba.

Mahaifin mutumin tsoho ne, yanar ido ta rufe masa gani. Ran nan ya zo gaishe su, tebur ya buge masa ƙwauri, geza ta harɗe sandarsa, saura kaɗan ya faɗi. Ya gaishe su ya koma gida. Amma daga ranar, in ya zo sai ya tsaya a waje ya ce, "Ku kawo mini benci nan, iska ta fi." Daga baya ma ya daina zuwa.

Matar ta lura. Wata safiya da mijinta ya tafi gona, ta ɗaure idanunta da ɗankwali, ta shigo daga bakin ƙofa tana lalube. Duk abin da ya buge ta, ta ɗauke shi. Tebur ya koma jikin bango, darduma ta koma ɗaki, furanni suka hau taga. Ta sa kujera mai tauri, mai hannu, inda haske yake faɗowa, taku bakwai daga ƙofa. Ta ɗaure labule gefe guda.

Maƙwabciyarta ta leƙo ta ce, "Amarya, ɓarayi ne suka shigo muku?" Matar ta yi murmushi kawai.

Sa'an nan ta je gidan tsohon ta durƙusa ta ce, "Baba, na dama kunu, a zo a sha." Tsohon ya shigo a hankali, sanda na gaba, sandar ba ta taɓa komai ba har hannunsa ya kama kujera. Ya zauna, ya ce, "'Yata, wa ya faɗa miki?" Tun ranar kullum a nan yake cin tuwonsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, falon shi ne zuciyarmu, kayan kuwa abubuwan da muke jerawa don mutane su yaba. Tsohon shi ne mai rauni da Ubangiji yake aiko mana. Ba zai yi ƙara ba, zai dai daina zuwa. In kana so ka san ko gidanka ya yi kyau, ka shiga da idon wanda ba ya gani.

Mama Kande har yanzu ba ta sami amsa ba. Ni dai na ja zanena na rufe tabon da ke ƙwaurina, na wuce. Ba wanda zan faɗa wa.